Birkin Taragon Ƙarshe

Russom ya ja mahaifinsa bayan tulin gawayi, inda ba mai ganinsu, ya ɗaga masa hannun dama ya cusa a aljihun kwat. Hannun ya shiga kamar tsumma. Ya gyara bakin aljihun, sannan ya shiga ɓalla masa maɓallai tun daga ƙasa.

"Bar na wuyan," in ji Baba Debesai. "So kake ka shaƙe ni tun ba mu tashi ba?"

"Baba, har yanzu ba a makara ba. Mu je ka gaya musu."

"In gaya musu me? Na kwanta da hannu biyu na tashi da ɗaya? Su ba ni kujera, a rufa mini mayafi a gwiwa kamar mai jego?"

"Akwai mutane a cikin jirgin nan fa."

"Shi ya sa kake nan. Da duwatsu aka ɗauko ai da haƙorana zan murɗa."

Yau ce saukar tsohon ta ƙarshe. Hukumar jirgin ƙasa ta sallame shi cikin mutunci, aka ce ya yi wannan tafiyar daga Asmara da ke saman dutse zuwa Nefasit da ke ƙasa, sannan ya koma gida ya huta. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne, birki. Jirgin nasu ba irin wanda direba zai ja ƙarfe ɗaya duk taragu su kama ba ne. Kowane tarago da mutuminsa a tsaye a baya, gabansa kambun birki mai zagaye kamar sitiyarin mota, kunnensa na wajen jiniya. Doguwa ɗaya, a ɗaure. Gajeru biyu, a saki. Baba Debesai nasa ne taragon ƙarshe, wanda ma'aikata ke kira wutsiya, kuma ba a ba wa kowa wutsiya sai wanda aka yarda da hannunsa.

Hannun ne ya ci amanarsa a farkon makon nan. Ya miƙa shi zai ɗauki kofin shayi, yatsun suka ƙi rufuwa. Matarsa, Inna Abrehet, ta yi kuka ta yi magiya a tafi asibiti, ya ce sai bayan Lahadi. Da ta rasa yadda za ta yi, ta aika garejin manyan motoci aka kira mata Russom, ɗansu da ya bar makaranta ya bi mota tun gemu bai fito masa ba, yanzu kuma yake jan tirela tsakanin Asmara da Massawa. A tsakar gida suka ƙulla magana: Russom zai murɗa, tsoho zai tsaya ya kare shi, ran Litinin kuma a tafi asibiti ba gardama.

"To gaisuwar fa?" Russom ya tambaya.

Tsohon ya yi kamar bai ji ba.

Masu jirgi ba sa musabaha a saman dutse. Sai an sauka lafiya direba zai diro, ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya, ya kama hannun kowane mai birki. Tsakanin Baba Debesai da direba, Baba Shifa, abin ya daɗe da zama kokawa: kowa ya matse hannun ɗan'uwansa sai ɗaya ya yi ƙara, ma'aikata na kewaye da su suna ihu. Yau da yake ta ƙarshe ce, har masu sharar tasha sun nemi gurbi a jirgin don su gani.

"Baba, na ce gaisuwar fa? Me za ka miƙa masa?"

"Mu sauka tukuna. Wanda bai sauka ba ba ya gaisuwa."

Suka zagayo gaban tasha. Kan jirgin na tsaye yana huci, baƙi wuluk, ruwan zafi na ɗiga daga cikinsa. Ya girmi duk wanda ke wurin. Baba Shifa, ɗan gajeren tsoho mai farin gemu, yana zagaya shi da butar mai, yana ɗiga masa a gaɓoɓi kamar mai ba jariri magani.

"A'a, Wutsiya! Ashe kana nan? Na ce ko tsoron gaisuwar yau ya sa ka gudu ƙauye."

"Mai hayaƙi, ka dai karya kumallo ko? Kar in karya maka yatsu ka ce yunwa ce."

Baba Shifa ya dubi Russom sama da ƙasa. "Wannan ba ɗanka ba ne mai tirela? Wanda ke danna mana ham in ya wuce mu a gada?"

"Shi ne. Ya zo ya ga yadda maza ke sauka."

"Ina kwana, Baba," in ji Russom, ya ɗan rusuna.

"Lafiya lau, direba. Sai ka yi haƙuri da mu, mu kunkuru ne. Ba ma sauri, amma muna isa."

'Yan biki ne suka yi hayar jirgin. Ango ɗan Nefasit ne, kakansa ya yi aiki a layin, ya rantse da jirgi za a kai masa amarya. Taragun gaba sun cika da mata cikin fararen mayafai, da ganguna, da yara masu leƙe ta taga. Wutsiya kuwa kaya aka jibga mata: kujeru bisa kujeru, tukwanen miya ɗaure da zane, kwandunan gurasar injera, tulunan giyar gida, da wani rago da aka ɗaure a gefe yana ta hararar kowa. Tulin kayan ya yi musu katanga. Teklai, mai birkin taragon da ke gabansu, ba zai gan su ba sai a kwana.

Jiniya ta yi kuka, mata suka rangaɗa guɗa, taragu suka ja juna da ƙarar sarƙa.

Da farko Russom hamma yake yi. Sun bi bayan gidaje, sun ratsa itatuwan turare, wani mai keke ya kamo su ya wuce yana ɗaga musu hannu. Ya tuna tirelarsa da aka riga aka yi wa lodi tana jiransa. Da ita ce da yanzu ya yi nisa.

Sai ƙasa ta ƙare.

Ya san gangaren nan kamar tafin hannunsa, amma ta bayan gilashi ya san shi, ido a kwalta, ido a madubi, ƙafa a birki. Bai taɓa samun sukunin ɗaga kai ba. Yau ba gilashi. Dutse ya tsaya a hagu kamar bango, dama kuwa ba komai, sai sarari. Can ƙasa, ƙasa sosai, gajimare ne shimfiɗe fari fat har iyakar gani, kamar an shanya audugar duniya duka a wuri ɗaya, kawunan duwatsu sun huda shi sun fito suna shan rana. Wani shaho na shawagi, kuma bayansa Russom yake gani, ba cikinsa ba. Layin dogon ya manne a jikin dutsen a kan wani ɗan gefe da bai fi faɗin tabarma biyu ba.

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga," in ji tsohon. "Kunne."

Jiniya, doguwa ɗaya.

Russom ya cafki kambun ya murɗa da dukan ƙarfinsa. Taragon ya yi turjiya kamar jakin da aka fizgi igiyarsa. Kujeru suka kaɗa, murfin tukunya ya yi tsalle, rago ya durƙusa. Girgizar ta bi sarƙa har gaba, guɗar mata ta koma salati da kiran sunan Maryama, sannan ta koma dariya.

Daga bayan tulin kaya muryar Teklai ta taso. "Baba Debesai! Yau da fushi ka tashi ne? Ko Inna ta hana ka shayi?"

"Gwada ku nake, in ga wanda ke barci!" tsohon ya amsa da ƙarfi. Sannan ya juyo, murya ƙasa-ƙasa. "Kai, wannan ba tirelarka ba ce. Ba taka shi ake ba, lallashinsa ake. Cire takalman nan."

"Takalma kuma?"

"Cire. Jiniya tana gaya maka abin da Shifa ke so. Abin da jirgi ke so, ƙafarka ce za ta gaya maka."

Ya cire ya ajiye a gindin kujeru. Farantin ƙarfen ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Amma bayan ɗan lokaci sai ya fara jin abin. Akwai wani kaɗawa da ke hawowa daga ƙafafun jirgin, ya bi tafin ƙafarsa ya shiga gwiwa. In birki ya kama daidai, kaɗawar tana da kauri, kamar dutsen niƙa na cin hatsi. In ya yi sako-sako, sai ta yi sauri ta zama siririya. Ya murɗa kaɗan, ya saurara, ya ƙara kaɗan.

"Yauwa. Ashe akwai kai a wuyan."

Duk kwanar da jirgin zai lanƙwashe har na gaba su hango wutsiya, sai tsohon ya matso ya rufe ɗansa da faɗin kwat, ya ɗora hannun hagu a kambun, ya ɗaga haɓa sama kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Yara su ɗaga masa hannu ta taga. Da an miƙe sai ya ja baya.

Suka shiga kogon farko. Duhu ya haɗiye su, hayaƙi mai ɗumi ya cika musu hanci, ƙarar ta ninku. Suka fito cikin haske, kafin ido ya washe wani kogon ya sake haɗiye su. Daga kogo sai gada, doguwa, ta dutse, ƙafafunta sun nutse cikin kwarin da ba a ganin gindinsa. Daga gada sai kogo. Birai na zaune a kan duwatsu da 'ya'yansu, ko motsi ba su yi ba.

Russom ya leƙa ƙasa ya ga wani layin dogo yana fitowa daga cikin dutse. Ƙasa da shi kuma ga wani, ƙarami kamar zare.

"Baba, waɗancan fa? Na ina ne?"

"Namu ne. Layi ɗaya ne. Wancan za mu bi, sannan wancan."

"Ta yaya?"

"Dutsen za mu shiga mu juya a cikinsa mu fito ta ƙarƙashin kanmu."

Tsohon ya nuna bakin wani kogo da haɓa.

"Wannan da muka dawo bayan yaƙi a toshe muka same shi. Da kwanduna muka kwashe. Dogon nan da kake kai, babu ko ɗaya a nan, duk an kwashe an rufa ramukan sojoji. Rami-rami muka bi muna tonowa. Wani a kafaɗa, wani a raƙumi. Shifa ya zo daga Ginda da sandarsa, aka ce tsoho koma gida, ya ce in kun san inda kusoshin injin nan suke ku gaya mini in koma."

Russom ya tuna lokacin. Yana yaro, uban zai ɓace makonni ya dawo kafaɗu a saɓule, mutanen unguwa na cewa tsofaffi sun haukace, suna gina wa fatalwa hanya. Ya dubi dogon da ke fita daga ƙarƙashin ƙafarsa yana tafiya baya, sanda bayan sanda, kowace da kusoshinta. Kowace ɗaya sai da wani ya ɗauko ta.

A tashar Arbaroba suka tsaya a ba injin ruwa. Russom ya yi maza ya zauna a kan tulu ya cusa hannuwa a hammata, don tafukansa sun yi ja sun fara tashi. Teklai ya zagayo da kofin shayi daga wurin 'yan biki, ya miƙa wa tsohon hannu bibbiyu. Baba Debesai ya karɓa da hagu.

Teklai ya ɗaga gira. "Baba, da hagu? Laifin me na yi?"

"Na daman na ajiye wa Shifa. Ba na so ya gaji."

Teklai ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya, ya juya da gudu ya kai wa na gaba labari. Tsohon ya kurɓi shayin.

Kafin su tashi, wani ma'aikaci ya ɗauki garwar yashi ya je ya zauna a goshin injin, ƙafafunsa na reto a kan dogo.

"Ka ga wancan?" in ji Baba Debesai. "Gajimaren nan da kake kallo, cikinsa za mu shiga. Dogo zai jiƙe. Shi zai riƙa zuba wa na gaba yashi. Kafin a zo kanmu ƙafafu sun share shi. Mu ba mu da yashi sai hankali."

Suka gangara. Farin abin nan ya yi ta matsowa, ya daina kama da auduga ya koma kamar tururin tukunya. Kan jirgin ya nutse ciki ya ɓace. Taragon amarya ya ɓace. Na Teklai ya ɓace. Sannan sanyi mai laima ya shafi fuskar Russom, duniya ta rage saura shi da ubansa da kambu da rago. Ganguna suka yi shiru. Raɓa ta taru a gashin girarsa, kambun ya yi santsi.

Jiniya, doguwa, daga wani wuri da ba a gani.

Ya ɗaure. Ƙafarsa ta ce masa bai isa ba. Ya ƙara. Gangaren ya ƙara tsayuwa, ya ji nauyin kujeru da tukwane da tuluna duk ya jingina gaba. Ƙarar mahaɗin dogo ta fara zuwa da sauri. Ya ƙara murɗawa.

"Ya isa," in ji tsohon.

Bai isa ba, jirgin gudu yake ƙarawa. A dama ba ya ganin komai, amma ya san abin da ke wurin. Ya sa ƙirji ya danna kambun har ya ƙi motsi.

Sai niƙan nan da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya ɗauke. Wani siririn sauti ya maye gurbinsa, kamar ana wasa wuƙa. Taragon ya yi sulɓi ya tafi, ya daki na Teklai, ƙarfe ya yi ƙara.

"Ƙafafun sun kafe! Zamewa muke! Saki!"

Russom ya ji maganar, amma hannuwansa ba su ji ba. Shekarunsa nawa a hanyar nan, ya san abu ɗaya: mai sakin birki a gangaren nan ba ya ba da labari. Ya sha ganin gawarwakin motoci a gindin kwari, tayoyi a sama, wasu ya san direbobinsu, ya ci abinci da su. Ya ƙara rungume kambun.

"Wutsiya!" Teklai ya yi ihu cikin farin duhun, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Wutsiya, kuna tura ni!"

"Russom, saki na ce! Ƙafar da ba ta juyawa ba ta riƙe komai!"

Tsohon ya kama kambun da hagu ya ja baya. Ina! Ƙarfin saurayi ya danne shi. Ya sake ja, hularsa ta faɗi ta bi iska. Daga gaba wata mace ta fara kururuwa.

Sai Baba Debesai ya bar kambun. Ya sa hannun hagu a aljihun dama, ya zaro mataccen hannun, ya ɗauko shi kamar mai ɗauko ɗan tsako, ya ɗora a bayan hannun ɗansa.

Ba nauyi a cikinsa ko kaɗan. Ɗumi ne kawai, ɗumin aljihu, da kaushin tafin da ya shekara hamsin yana cin ƙarfe. Hannun da in ya kama kunnen Russom yana yaro sai ya yi kwana biyu yana zafi. Yanzu ga shi kwance, ko yatsa ɗaya ba ya iya lanƙwasawa.

"Ɗana," in ji tsohon a hankali, kamar suna zaune a tsakar gida. "Ba ni da abin da zan ƙwace shi da shi. Sai dai ka ba ni."

Russom ya saki.

Taragon ya yi gaba kamar an sako shi daga sama. Amma a tafin ƙafarsa ya ji ƙafafun sun kama juyawa, ƙarar mahaɗi ta dawo.

"Yanzu kamo. Kaɗan. Tsaya. Ji shi. Ƙara."

Niƙan ya dawo, siriri, sannan ya yi kauri.

A lokacin ne jiniya ta canza. Ba doguwa ba, ba gajeru biyu ba. Wani ɗan kuka ne gajere, mai taushi, ya yi shiru, ya sake yi, ya yi shiru, kamar mai kiran akuya da yamma. Russom ya lura duk kukan da ta yi daidai yake da lokacin da ya kamata ya ƙara murɗi ɗaya. Ya bi ta. Kuka, murɗi. Kuka, murɗi. Sarƙar da ke tsakaninsu da Teklai ta miƙe, wutsiya ta koma riƙon jirgi maimakon tura shi.

"Baba, wannan wace jiniya ce? Ba ka gaya mini ita ba."

Tsohon ya ɗaga kai. Yana kallon farin da ke gabansu, inda kan jirgin yake, leɓensa na motsi. Bai mayar da hannun aljihu ba sai da suka ji ganga ta sake tashi, da ɗan tsoro-tsoro, sannan da ƙarfi.

Suka fito ta ƙarƙashin gajimaren a kan wata gada mai lanƙwasa. Yanzu rufi ya zame musu, fari, rana na tsiyayowa ta ɓarakarsa kamar igiyoyi. Ƙasa kore shar, gonaki hawa-hawa a jikin dutse, jajayen rufin Nefasit a gindi. Sama da garin kuma wani dutse ya miƙe ya huda gajimaren ya wuce, gidan sufaye a ƙolinsa, a wurin da mutum zai ce tsuntsu kaɗai ke zuwa. Russom ya juya ya dubi inda suka fito. Bango ne kawai, daga ƙasa har sama. Da wani ne ya ce masa jirgi ya sauko ta nan da amarya da tukwanen miya, da ya ce ƙarya yake.

A tasha dangin ango na jira da ganguna da ganyen dabino. Aka sauke amarya cikin guɗa, samari suka hau wutsiya suka fara miƙa kujeru. Amma ma'aikata ba su bi biki ba. Sun taru a gefen dogo.

Baba Shifa ya diro, ya goge hannunsa da tsumma yatsa bayan yatsa. Ya kama hannun mai birkin farko. "Mun sauka."

"Da hannunka da namu."

Ya wuce na biyu. Ya wuce Teklai, wanda yau bai yi wasa ba, sai satar kallon baya yake. Taron ya biyo shi har wutsiya, aka yi da'ira.

Baba Debesai na tsaye, kai ba hula, hannu a aljihu. Russom na bayansa ba takalmi. Ya raɗa masa, "Baba, ka ce ka bugu a hanya. Ka ce ƙarfe ya datse ka."

Baba Shifa ya tsaya a gabansu ya miƙa hannu. "Mun sauka, Wutsiya."

Wurin ya yi tsit, sai hucin injin daga nesa.

Tsohon ya sa hagu ya zaro na daman, ya sake shi. Ya faɗi a gefensa yana reto, kowa na gani. Wani ya ja numfashi. Teklai ya dafe baki. Sannan Baba Debesai ya juya ya kamo wuyan hannun ɗansa, ya jawo shi gaba, ya buɗe tafin a gaban jama'a. Duk ya yi bororo, wasu sun fashe.

"Ga wanda ya sauko da ku," ya ce. "Shi za ka gaisar."

Baba Shifa ya dubi tafin, ya dubi Russom. Ya kama. Ya matse.

"Wayyo!" Russom ya yi tsalle da ƙafa ɗaya.

"Kun ji ko?" Baba Shifa ya juya ga taron, gemunsa na rawa. "Ku shaida! Gidan Debesai ya yi ƙara! Yau na ci!"

Dariya ta ɓarke, irin wadda ke fitowa da ƙwalla. Teklai na dariya yana share ido da hula.

"Ɗanyen hannu ka samu, tsohon banza," in ji Baba Debesai. "Ba shi shekara ɗaya ka gani."

"Shekara? Wannan hannun direban mota ne, nauyi gare shi kamar guduma. Tun kwanar farko na ji shi a bayana, na ce wannan ba Debesai ba ne. Hannunka ko cikin barci na san shi."

"Shi ya sa ka yi mini jiniyar 'yan koyo a gaban mutane?"

"Ba kai na yi wa ba. Kai an yi maka taka tun ina zuba gawayi, kuma ka fi shi kafe ƙafafu, kar ka sa in tona."

Sannan ya daina dariya. Ya sunkuya ya ɗauko hannun da ke reto, ya riƙe shi tsakanin tafukansa biyu masu baƙin mai. Bai matse ba.

"Mun sauka, Debesai."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ma'aikatan ne suka amsa masa, gaba ɗaya. "Da hannunka da namu."

Bayan an ci an sha aka juya kan jirgin, aka ba shi ruwa. A bakin titi wata bas mai hawa Asmara ta tsaya, yaron mota na buga mata jiki yana kiran fasinja. Da ita Russom ya yi niyyar komawa tun da safe, don ya duba lodinsa kafin dare. Teklai ya miƙo masa takalmansa da aka tsinta cikin kujeru.

"Direba, ga motarku can za ta tashi."

Russom ya karɓi takalman. Ya dubi bas ɗin, ya ɗaga kai ya dubi bangon dutsen da gajimaren da ke rataye a jikinsa.

"Baba, hawa ma ana buƙatar birki?"

"In sarƙa ta tsinke a hawa, wa kake tsammani zai riƙe? Ba a barin wutsiya ba kowa."

Bas ta yi ham ta tafi. Russom ya ɗaure igiyoyin takalman da juna ya rataya su a ƙarfen tarago. Ya je wurin masu biki ya aro kujera ɗaya, ya hau da ita ya kafa ta kusa da kambun, tana kallon baya, inda dogo ke fita. Ya tsaya yana jiran faɗa.

Baba Debesai ya daɗe yana kallon kujerar. Sannan ya dafa kafaɗar ɗansa ya hau, ya zauna, ya ɗauko hannun daman ya kwantar a cinya.

Jiniya ta yi gajeru biyu. Russom ya naɗe tafukansa da tsumma, ya taka ƙarfen da ƙafa tsirara, ya saki birki.

"Sama akwai sanyi," in ji tsohon, bai dube shi ba. "Ce wa Teklai ya miƙo mayafin nan."